Cinikin Sababbin Na'urorin Wasan Bidiyo a Manyan Kantuna

Cinikin sabuwar na'urar wasan bidiyo hulɗa ce tsakanin kamfanin da ya ƙera ta da manyan kantunan da ke kai ta hannun jama'a. Kamfanoni uku ke riƙe da kasuwar: Sony mai PlayStation, Microsoft mai Xbox, da Nintendo mai Switch. Kantunan kuwa sun haɗa da Walmart, Target, Best Buy da GameStop a Amurka, Argos da Currys a Birtaniya, Yodobashi Camera a Japan, sai Amazon da ke ciniki ta intanet.

A farkon fitowar wannan haja, ba kanti ke faɗin adadin da yake so a ba shi ba. Kamfani ne ke yanka wa kowa kasonsa gwargwadon ƙarfin cinikinsa, shi kuma ya rarraba wa rassansa daga babban sito. Kamfani ne ke sanar da farashi, shi ke tsayar da ranar fara sayarwa. Ko da kwalaye sun iso da wuri, a kulle suke zama har ranar ta cika, kuma kantin da ya yi riga malam masallaci yana iya jawo wa kansa fushin kamfani.

Ribar da kanti ke samu a kan na'urar ita kanta ba ta taka kara ta karya ba. Su ma masu ƙerawa sau da yawa faɗuwa suke yi: a 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu a shari'ar Epic Games da Apple cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan na'urar Xbox ba. Kuɗin yana cikin faifan wasanni, da ƙarin madannin hannu, da garanti, da rajistar wata-wata. Na'urar dai ita ke janyo mai saye ya shigo. Shi ya sa a lokacin ƙaranci GameStop ya riƙa sayar da ita a ƙunshe da wasanni da wasu tarkace, ko mutum yana so ko ba ya so.

Da can ba kullum kamfani ke da wannan iko a kan kantuna ba. Bayan rushewar kasuwar wasannin bidiyo a Amurka a 1983, kaya suka yi kwantai a hannun masu kantuna, suka yi ta karyarwa. Da Nintendo ya zo gwajin na'urarsa ta NES a birnin New York a 1985, sai da ya yi alkawarin karɓar duk abin da bai shiga ba kafin a ba shi wuri a kan kanta.

Galibi a ƙarshen shekara ake fitar da sabuwar na'ura, don ta riski cinikin Black Friday da na Kirsimeti. Kantuna kan karɓi kafin alƙalami tun da sauran makonni, wasu kuma su buɗe da tsakar dare ranar fitowa, jama'a na jere a layi tun da yamma.

Shekarar 2020 ce ta fito da raunin wannan tsari fili. Xbox Series X ta fito ranar 10 ga Nuwamba, PlayStation 5 ta biyo baya ranar 12, kowacce a kan dala 499, ana tsakiyar annobar korona da ƙarancin ƙwaƙwalen lantarki da ake haɗa na'urorin da su. Tun a watan Satumba aka fara da hargitsi: Sony ya ce sai washegari za a buɗe rajistar saye, wasu kantuna suka buɗe a daren, kaya suka ƙare cikin mintuna, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ranar fitowa kuma ta intanet kawai aka sayar da PlayStation 5, don gudun cunkoso.

Nan masu sari don tsuga farashi suka samu ƙofa. Sukan saki manhajojin bot da ke cike takardar saye kafin ɗan Adam ya gama rubuta adireshinsa, sannan su kai na'urar eBay su sayar kusan ninki biyu, kamar yadda 'yan bumburutu ke yi da fetur. Walmart ya ce a wani ciniki na watan Nuwamba 2020 ya toshe yunƙurin bot sama da miliyan 20 cikin minti 30 na farko. Sayarwa hannu da hannu ma ba ta tsira ba. A ƙarshen Janairu 2021, a reshen Yodobashi Camera da ke unguwar Akihabara a Tokyo, ma'aikata sun fito raba tikitin layi, jama'a suka yi musu caa, ana turereniya har gaban injin karɓar kuɗi. Sai da aka kira 'yan sanda, aka fasa cinikin.

Daga nan kowa ya ɓullo da dabararsa: na'ura ɗaya ga mutum ɗaya, jefa ƙuri'a a Japan, neman gayyata a Amazon. Walmart da Best Buy kuwa suka riƙa fifita mambobinsu masu biyan kuɗin rajista. An ce don maganin bot ne, amma tsarin ya fi yi wa aljihun kanti rana. Sai a Janairu 2023 Sony ya bayyana cewa ƙarancin ya kusa zama tarihi, bayan ya sayar da PlayStation 5 miliyan 30.

Nintendo ya ɗauki darasi a fitowar Switch 2. A kantinsa na intanet a Japan, sai wanda ya yi wasa na sa'a 50 kuma ya shekara da rajista aka bari ya shiga ƙuri'a, duk da haka mutum miliyan 2.2 suka nema. A Amurka an ɗage karɓar kafin alƙalami daga 9 zuwa 24 ga Afrilu 2025 saboda sabon harajin shigo da kaya. Na'urar ta fito ranar 5 ga Yuni a kan dala 449.99, aka sayar da sama da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.