Kamsin, Shabbura da Sauran Kalmomin Yanayi a Masar

Duk shekara idan Maris ya kama, sai ɗalibanmu sababbin zuwa a Hayyin Ashir su ce mini hunturu ya biyo su Alƙahira. Na ga ya kamata in yi bayani, domin wannan ƙurar ba hunturu ba ce, kuma wanda ya ɗauke ta haka zai sha wuya, musamman mai ciwon asma.

Iska tana da nauyi. Matsakaicin nauyinta a bakin teku miliba 1013 ne. Inda ya ɗara na kewaye, shi ne murtafa' jawwi da kuke ji a sanarwar hukumar yanayi ta Masar, wato yankin iska mai nauyi. A can iska daga sama take saukowa, tana ɗumama tana bushewa, don haka hadari ba ya haɗuwa. Kishiyarsa munkhafad. Iska kuwa daga mai nauyi take kwarara zuwa marar nauyi, kamar ruwa a gangara.

Hunturunmu na Kano da Maraɗi ɗan murtafa' ne. Daga Nuwamba zuwa Maris iska mai nauyi kan zauna bisa Sahara, ta turo iskar arewa maso gabas, wadda ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi. Shi ya sa take zuwa da sanyi da hazo, ta yi watanni.

Kamsin kuwa munkhafad ne ke jawo ta. Tsakanin Maris da Mayu yakan ratso ta hamadar Libiya ko gaɓar Bahar Rum ya nufi gabas, sai ya zuƙo iskar kudu mai zafi da yashi. Zafi na iya haura digiri 40, sama ta yi ja, bayan kwana ɗaya zuwa uku iska ta juyo daga arewa, gari ya huce. Sunan daga hamsin ne, kwanakin lokacinta, ba wai tana kaɗawa kwana 50 a jere ba. A rufe tagogi, a sa takunkumi, a nisanci allunan talla. Guguwar 1 ga Yunin 2023 ta kayar da wani allon a kan motoci a gadar 6 ga Oktoba, har aka rasa rai.

Iskar arewa ita ce bahari. Idan dillali ya ce gida bahari ne ya ƙara kuɗi, ba zalunci ba ne kawai. Ni na yi shekara biyu a ɗaki mai kallon kudu, na gane.

Shabbura hazon ruwa ne na asubahin sanyi, kuma har manyan hanyoyi ake rufewa saboda ita. Kada a kama hanyar Iskandariya sai rana ta ɗaga.

Sarab shi ne kawalwalniya. Iskar da ke manne da kwalta mai zafi ba ta kai ta samanta kauri ba, sai haske ya lanƙwasa, ka ga hoton sama a ƙasa kamar ruwa. Gaspard Monge, Bafaranshen da ya zo tare da rundunar Nafoliyon, a nan Alƙahira ya bayyana dalilinsa a 1798. Hala kuma ita ce da'irar da kan kewaye wata ko rana, a tazarar digiri 22, idan haske ya ratsa ƙananan ƙanƙara a siririn girgije na can sama.