Dabarun Riƙe Mai Karatu a Ƙagaggen Labari: Darasi Daga "So Aljannar Duniya"

Tun da aka fara rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, babbar matsalar marubuci ita ce yadda zai hana mai karatu ajiye littafi. Tarihin wannan fanni ya nuna hanyoyi biyu da aka bi don warware ta.

Hanya ta farko ta bayyana a gasar 1933, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya. A "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam, an jera aukuwa bayan aukuwa kamar yadda ake yi a tatsuniya: Alhaji Imam yana fita daga wannan gari ya faɗa wancan, yana ramuwar gayya da Malam Zurƙe. Abin da ke jan mai karatu shi ne son jin dabarar da za ta biyo baya. Raunin wannan zubi kuwa, ana iya cire babi guda ba tare da labarin ya girgiza ba.

Hanya ta biyu ta fito fili a 1980, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka yi nasara a gasarsa. Cikinsu akwai "So Aljannar Duniya" na Hafsat Abdulwaheed, haifaffiyar Kano wadda ta daɗe da zama a Gusau, har ta nemi tsayawa takarar gwamnan Jihar Zamfara a 2003. Ita ce mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa.

Tauraruwar littafin, Boɗaɗo, Bafulatana ce da ta kamu da son Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne, ta kuma furta hakan a gaban manyanta, abin da kunyar Fulani ba ta yarda da shi ba. Ke nan tun farko an ba mai karatu abubuwa uku: mai buri, abin da ya tare mata hanya, da hasarar da za ta yi in ta dage. Ko da aljana ta shigo labarin daga baya, ba don ban mamaki kawai ta shigo ba; barazana ce ga auren da aka sha wuya kafin a ƙulla.

Wannan tafarki ne marubutan Adabin Kasuwar Kano suka faɗaɗa, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda suka mai da rikicin cikin gida jigon labari.

Saboda haka, mai koyon rubutu ya auna kowane babi da tambaya guda: me tauraro zai rasa a nan? In babu amsa, babin ado ne kawai, kuma a daidai wurin ne mai karatu zai rufe littafi.