Asalin Wutsiyar -eth a Tsohon Turanci

Duk wanda ya taɓa buɗe fassarar Alƙur'ani ta Turanci da Marmaduke Pickthall ya fitar a 1930, ko Baibul na Sarki James na 1611, ya ci karo da aikatau masu wutsiya: knoweth, giveth, hath, doth. Baturen yau knows da gives yake cewa. Amma wannan ɗafa-ƙeya ta -eth ta girmi Turancin kansa nesa ba kusa ba.

Tushenta yana cikin harshen da ya haifi yawancin harsunan Turai da na arewacin Indiya, harshen da ba a taɓa rubuta shi ba, sai dai masana sun gano kamanninsa ta hanyar kwatanta 'ya'yansa. A can, idan ana maganar abin da wani mutum ɗaya yake yi, aikatau yakan ƙare da -ti. Sanskirit ya riƙe ta cif: bharati, wato yana ɗauka. Latin ya yar da wasalin, ya ce fert. A bakin kakannin mutanen Ingila kuwa, sautin t ya rikiɗe ya koma th, sauyin da Jacob Grimm ya yi bayaninsa a 1822. Ta nan aka sami beareth. Abin burgewa ne a ce gaɓa ɗaya ta yi wannan doguwar tafiya ba ta ɓata ba.

Kishiyarta, -s, daga arewacin Ingila ta taso. A ƙarni na 10 wani limamin coci mai suna Aldred ya rubuta fassara a tsakanin layukan Linjilar Lindisfarne, kuma a rubutunsa ana ganin -s da -th kafaɗa da kafaɗa. Shekara ɗari huɗu bayan haka, marubuci Chaucer, ɗan Landan, ya sa -s a bakin wasu ɗalibai biyu a cikin wani labarinsa don mai karatu ya gane 'yan arewa ne. Sannu a hankali ta gangaro kudu. Shakespeare yana ɗaukar wadda ta dace da ma'aunin baitinsa, domin -eth takan ƙara gaɓa guda.

Masu fassarar 1611 sun bi sawun William Tyndale, wanda Sabon Alkawarinsa ya fito a 1526, lokacin da -eth maganar kowa ce a kudu, ta gida da ta kasuwa. Suka riƙe ta alhali jama'a sun fara sakinta, daga nan kunne ya koma jin ta a matsayin harshen ibada. Hath da doth ne suka fi taurin kai, don ana rubuta su har cikin ƙarni na 18.