Amfilifayar Bawul a Gaban Haɗaɗɗiyar Amfilifaya: Ina Ribar Take?

Haɗaɗɗiyar amfilifaya kayan aiki biyu ce a akwati guda: sashen share fage, mai zaɓen inda sauti zai fito da daidaita ƙararsa, da sashen ƙarfi mai tura lasifika. Tun da taransisto ya bayyana a Bell Labs a 1947 yake ture bawul gefe, amma masu sauraron kiɗa a gida ba su daina neman ɗumin muryarsa ba. Shi ya sa wasu ke sayen amfilifayar share fage mai bawul, irin su 12AX7 ko 12AU7, su ɗora ta gaban haɗaɗɗiyar da suke da ita.

Wannan ɗumi yana da dalili. Idan bawul mai ƙafa uku ya ɗan karkata sauti, yawanci yakan ƙara masa amo mai ninki biyu na asalin muryar, kunne kuwa yana jin wannan a matsayin cika. Ado ne, ba gyara ba, kuma ni ban ga laifin son sa ba.

Matsalar tana ga ramin da aka soka wayar. Idan aka shigar da ita ta ramin CD ko AUX, sautin zai bi ta maɓallan ƙara biyu, a haɓaka shi sau biyu. Na'urar CD tana fitar da kusan bolt 2, alhali yawancin sassan ƙarfi bolt 1 zuwa 1.5 ya ishe su su kai maƙura. Sai ka ga da ɗan taɓa maɓalli ɗaki ya ɗauka, ga shuuu tana tashi a lasifika ko ba a kunna komai ba. Hanyar da ta dace ita ce ramin da aka rubuta wa Main In, wanda ke tsallake sashen share fage gaba ɗaya. NAD 3020 ta 1978 tana da irinsa: ƙananan ƙarafa biyu masu lanƙwasa ne a bayanta, a zare su, a soka wayar bawul.

Sai batun turjiya, wanda aka fi sakaci da shi. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce turjiyar mashigar haɗaɗɗiyar amfilifaya ta ninka ta mafitar amfilifayar bawul aƙalla sau goma. Ga kuma kondensar da ke bakin mafitar bawul. Mai maikrofarad 0.47, idan ta haɗu da mashiga mai om 10,000, kaurin sauti zai yi rauni a wajen Hz 34. Da om 47,000 kuwa sai a wajen Hz 7, inda kunne ba ya kaiwa. Da yawa daga masu kukan cewa bawul ya cinye musu kaurin ganga, wannan lissafin ne ba su yi ba kafin saye.

Bawul yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya yi zafi, kuma a wannan tsakanin yana iya sako bugun da zai lahanta lasifika. A fara kunna shi, a jira, sannan babbar amfilifaya. Wajen kashewa a fara da babbar.