Shekarar 1550: Yadda sunan Kano ya shiga injin buga littafi a Italiya



Yau ina so in ɗan koma tarihi, zuwa ƙasar Italiya a shekarar 1550, zamanin da Turawa ke kira farfaɗowar ilimi. A wannan shekara wani mai zane, Giorgio Vasari, ya fitar da littafinsa na tarihin masu zane da magina a birnin Florence. Turawa na ji da shi ƙwarai, duk da cewa ya fi yabon 'yan yankinsu. Amma ni ba shi ne ya ja hankalina ba.

A birnin Venice, garin 'yan kasuwa da jiragen ruwa, wani sakataren gwamnati mai suna Ramusio ya buga kundin labaran matafiya a wannan shekarar. A ciki akwai bayanin nahiyar Afirka wanda Hassan al-Wazzan ya rubuta, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. An haife shi a Granada, ya tashi a Fas ta Maroko. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518, aka miƙa shi ga Fafaroma Leo na Goma, aka yi masa wankan shiga Kirista a 1520. Ya gama rubutun a 1526 da harshen Italiyanci, harshen da ba nasa ba. Mu da muke ciniki da Yarbanci ko Ibo kullum, mun san wuyar faɗin labarin gida da bakin wasu.

A littafin za ka ga Cano, Casena, Zegzeg, Zanfara da Guber. Wato Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. Ya kuma ba da labarin cewa a Timbuktu ribar littattafai ta fi ta sauran haja. A matsayina na ɗan ɗan kasuwa, wannan ya burge ni, domin su ma mutanen Venice haja suka ɗauki littafi. An fassara shi zuwa Faransanci da Latin a 1556, sai Turanci a 1600.

Sai dai akwai gyara. Masana na tababar ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa, ko dai daga bakin fatake ya ji. Ya ce Askiya na Songhai ya ci Kano da yaƙi, alhali tsohon littafin tarihin sarakunan Kano bai ambaci haka ba. Sannan da aka gano kwafin rubutun hannu a Roma a 1931, sai aka ga Ramusio ya taɓa kalamansa a wurare da dama.

Duk da haka, da wannan littafi Turawa suka dogara wajen sanin garuruwanmu kusan shekara 270, har Clapperton ya shiga Kano a 1824.