Daga Kantu zuwa Isaka Isaka: Tarihin Kokowa da Gardamar Gwarzon Gwaraza a Ƙasar Maraɗi

Kokowa wasan bayan kaka ce a ƙasar Hausa. A garuruwan Tasawa da Mayahi, kamar sauran yankunan jihar Maraɗi ta Nijar, sai an yanke gero an ɗaure dammuna an cika rumbuna, an roro wake an cire gyaɗa, sannan ganga ke fitowa dandali. Dalilin a fili yake: da damina ƙarfin saurayi na gona ne, da bazara kuma ciki ba ya da abin da zai ɗauki kaye. Tsakanin girbi da shigowar zafi ne ake samun ƙoshi da hutu tare, ga farin wata. Samarin gari guda kan ɗauki makaɗinsu su nufi wani gari, a sauke su a ba su fura da tuwo, da dare a yi da'ira, a sa yara su buɗe fage, ƙarti su biyo baya, manya su rufe. Wanda ya yi kaye ba ya komawa gida da wani abin kirki a hannu, sai goro da ɗan kuɗin da aka liƙa masa, da suna wanda ƴan mata za su sa a waƙa, ƴan kasuwa kuma su kai shi gaba ranar kasuwar Kanambakashe ko Mai Jirgi.

A zamanin da, kowane yanki da gwaninsa. Ana sanin ƙarfin mutum ta hanyar garuruwan da ya taka ba a kai shi ƙasa ba, da manyan da ya kayar, da kirarin da makaɗa suka yi masa. Babu takarda, babu alƙalin da hukuma ta naɗa. Dattawan gari da tsofaffin ƴan kokowa ne ke raba gardama. Saboda haka labarin gwanayen da suka shuɗe kafin a kafa gasar ƙasa ya dogara ga bakin mutane, shi kuwa baki yakan ƙara gishiri, yakan kuma manta da wanda bai samu maroƙi mai zalaƙa ba. Haka abin yake a dambe, inda waƙar Ɗan Anace ta sa sunan Shago ya wuce na ƴan damben zamaninsa da yawa waɗanda ba a yi musu waƙa irin tata ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne shigowar gwamnati. Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar a watan Afrilun 1974, ƙasar tana fitowa daga fari da yunwa, gwamnatinsa kuma ta ɗauki samariya da wasannin gargajiya a matsayin hanyar haɗa kan jama'a. Kokowa ta dace da wannan buƙata fiye da kowane wasa, domin Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk sun san ta tun daga gida, ba kamar ƙwallon ƙafa ba da ta fi zama a birane. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, aka sa takobi ya zama kyautar wanda ya rage a tsaye. Wanda ya fara ɗaukarsa ɗan jihar Maraɗi ne, Yakuba Kantu, shi ya sa filin kokowar birnin Maraɗi ke ɗauke da sunansa har yau.

Tsarin gasar yana da muhimmanci ga duk wanda zai kwatanta gwanaye, domin shi ke nuna abin da takobi guda yake nufi. A yau jihohi takwas ne ke shiga, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace da ƴan kokowa goma, jimilla 80. Kafin saurayin Isawane ko Korgom ya shiga cikin goman Maraɗi sai ya tsallake zaɓen ƙaramar hukumarsa, da na gunduma a Mayahi ko Tasawa, sannan na jiha. A gasar kanta kowace jiha tana karawa da sauran bakwai, rana bayan rana, kuma kaye ɗaya ya isa ya fitar da mutum daga neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa wasa. Waɗanda suka kai ƙarshen zagayen ba su faɗi ba su ne ke gwabzawa tsakaninsu har a samu ɗaya. Ba a raba mutane bisa nauyin jiki, siriri kan haɗu da ƙato, kuma ba a duka, saɓanin irin kokowar Sanagal da ake haɗawa da naushi. Ke nan sarkin kokowa mutum ne da ya yi kusan kwana goma yana shiga fage ba tare da santsi ko kuskuren daƙiƙa guda ya same shi ba. Ana naɗa masa rawani, a sa masa babbar riga, a ba shi doki da kayansa da kuɗi, bayan takobin.

Zamanin farko na mutum uku ne a bakin yawancin dattawa: Kantu na Maraɗi, Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, waɗanda takobin ya yi ta yawo tsakaninsu a shekarun farko. Manoma ne da suka girma a kokowar dandali, suka shigo gasar da salonta, da walki da layu da kambuna da guraye, da malami ko boka a bayan fage. Rediyon Muryar Sahel ya kai karawarsu ƙauyukan da ba su taɓa ganin fuskarsu ba, kuma mawaƙa irin su Sagalo na Arewa suka cika gurbin da ido bai gani ba. Wannan ya ba su wani girma da ke da wuyar aunawa, domin wanda aka ji labarinsa a akwatin rediyo yakan fi girma a zuci fiye da wanda ake kallon kowane kuskurensa a talabijin. Sunayen filayen kokowa na jihohi sun tabbatar da matsayin wannan tsara: na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa, na Tilaberi Naruwa Sanu.

Maraɗi ba ta tsaya kan Kantu ba. Labo Mai Ƙaho ya dawo mata da takobi, daga baya Umaru Bindigau ya yi haka. A sauran jihohi an ga tashen Balla Haruna, wanda ya ɗauka sau uku, da Laminu Mai Daba da ya yi wa Agadas wasa. Tun a wannan tsakiyar zamani kokowa ta fara zama sana'a. Kuɗin kyauta ya ƙaru, ƴan kasuwa da ƴan siyasa suka shiga ɗaukar nauyin ƴan wasa, jihohi suka fara tara nasu a sansanin horo makonni kafin gasa, wasu ƴan kokowa kuma suka riƙa barin jihar haihuwarsu suna sa rigar wata. Wannan na ƙarshe yana rikita lissafin masu cewa jiha kaza ta fi jiha kaza haihuwar ƙarfafa, domin ba kullum ne sunan jihar da ke jikin takobi ke nuna ƙauyen da ya yi renon mai shi ba.

Sai kuma Kadri Abdu na Doso, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka. Takubba shida ya tara, uku na ƙarshe a jere: a Yamai, a Difa, sannan a Agadas cikin watan Disamban 2023, a gasa ta 44. Ɗan Maraɗi Aibo Hasan na cikin waɗanda suka kai karon ƙarshe suka tarar da shi a gaba, suka koma da matsayi na biyu. In dai ƙidayar takobi ce ma'auni, magana ta ƙare, babu na biyunsa. Abin lura a kansa shi ne daɗewa: ya ci gaba da cin gasa shekaru bayan abokan karawarsa sun san kamunsa sarai, sun kalli bidiyonsa a wayar salula sun yi ta nazarinsa, abin da Kantu da Salma ba su taɓa fuskanta ba.

Amma ƙidayar tana da ramukanta. Na farko, ba kowace shekara aka yi gasar ba. Daga 1975 zuwa 2023 shekara 49 ne, gasa kuwa 44, don haka akwai ƴan kokowar da shekarar ƙarfinsu ta faɗo lokacin da ba a buɗe fage ba. Sannan dokoki sun sauya. An kawo ƙayyadadden lokaci da gargaɗi ga wanda ke gudun kamu, har ana iya cin mutum da yawan gargaɗi ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba. Tsofaffi na ganin wannan ba kaye ba ne, suna kuma zargin ƴan yanzu da yawan tsaron kai, su sunkuya suna taɓa hannu minti bayan minti kowa na jiran kuskuren ɗan'uwansa. Akwai gaskiya a zargin, sai dai laifin na tsarin ne kafin ya zama na ƴan wasa: inda kaye ɗaya ke raba mutum da doki da miliyoyin sefa, ba mai hankalin da zai afka kamar yana dandalin garinsu. Wannan jan lokaci ne ma ya ƙara wa ƴan cali-cali kasuwa, masu shiga fage da shigar ban dariya suna kwaikwayon manya don kada ƴan kallo su gaji.

Irin wannan gardama ba ta kokowa kaɗai ba ce. A wasan golf, inda ake auna gwanaye da manyan gasa huɗu na shekara, Jack Nicklaus na Amurka ya ci 18 tsakanin 1962 da 1986, Tiger Woods ya ci 15 tsakanin 1997 da 2019, masu goyon bayan Woods kuma na cewa ya yi nasa ne a lokacin da gwanaye suka fi yawa, suka fito daga ƙasashe da dama. Bobby Jones kuwa ya bar gasa a 1930 yana ɗan shekara 28, kafin ma a kafa gasar Masters a 1934, don haka ma'aunin da ake amfani da shi yau bai same shi ba. Matsayin gwanayen Tasawa da Mayahi na kafin 1975 ke nan, sai dai su ko takardar sakamako ba a ajiye musu ba.

Akwai wani ma'aunin da ƴan baya suka samu wanda na farko ba su samu sosai ba, wato karawa da baƙi. Gasar kokowa ta ƙasashen ƙungiyar CEDEAO ta Afirka ta Yamma, da aka sha yi a Yamai da Dakar, tana raba ƴan wasa bisa nauyi, kuma a nan ne ƴan Nijar suka riƙa gwada ƙarfi da ƴan Sanagal da Najeriya. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamban 2005 su ma sun sa kokowa cikin jerinsu. Sai dai a ƙauye lambar da aka ciyo a waje ba ta kai takobi daraja ba, kuma da wuya a ji an kawo ta a gardamar bakin kasuwa.

Idan aka tattara, Isaka Isaka ya fi kowa abin nunawa a hannu, kuma ya yi shi a zamanin da kowa ke horo, kowa ke da mai ɗaukar nauyinsa. Kantu kuwa da shi aka buɗe littafin, kuma shi da tsararsa ne suka sa mutanen ƙauye suka yarda cewa takobin gwamnati ya cancanci a bar dandali a je nemansa. Mutumin Maraɗi da ya fifita Kantu yana magana ne kan wannan, ko da ya fake da zancen ƙarfi, kuma akwai kishin jiha a ciki wanda ba ya ɓoyuwa. A gasa ta 45 da aka yi a Doso a Disamban 2024, a filin Salma Ɗan Rani, jihar Isaka ce ta karɓi baƙi, amma takobin bai kwana a gida ba: Abba Ibrahim ne ya tafi da shi Yamai.