Coci da Makaranta: Tarihin Ɗarikar Katolika a Sabon Gari da Fagge, Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ɗarikar Katolika ta zauna a Kano ne a matsayin addinin baƙi, kuma makaranta ce ta fara haɗa ta da 'yan ƙasa. Za a dubi Sabon Gari, inda cocin ya kafu, da Fagge, unguwar Musulmi da ke maƙwabtaka da ita.

2.0 Zuwan 'Yan Mishan

Tun a 1711 wasu limaman Katolika biyu da suka taso daga Turabulus ta hanyar Agadas suka iso Katsina, a can kuma suka rasu. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na ɗarikar Angalika ya zo Kano, Sarki Alu ya sallame su. Ko bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ba su sakar wa 'yan mishan mara ba, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba. Saboda haka limaman ƙungiyar SMA suka kafa tasharsu a Shendam a 1907, nesa da ƙasashen sarakunan Musulmi.

Abin da wa'azi ya kasa, jirgin ƙasa ya yi. Da dogo ya iso Kano a 1911, sai akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas. Wajen 1913 aka keɓe musu Sabon Gari a bayan ganuwa. Waɗannan baƙi su ne Katolikan farko na Kano, Fada kuwa bin sawunsu ya yi.

3.0 Rayuwar Ikilisiya da Makaranta

Ga wanda ya baro garinsu, coci ya zama madadin dangi. A nan ake baftisma da ɗaurin aure da jana'iza, a nan sabon zuwa ke samun masauki da labarin aiki. Ƙungiyoyin mata da na mawaƙa su suka riƙe zumunci, malamin katikizim kuma shi ne tsani tsakanin Fada Bature da jama'a.

Sai dai ƙashin bayan ikilisiya makaranta ce. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 ta 'ya'yan sarakuna ce da malamai, don haka ilmin 'ya'yan baƙi ya rataya a wuyan mishan. A 1948 Sistocin St. Louis suka zo daga Ailan, Kano ce kuma masaukinsu na farko a Nijeriya. Makarantarsu ta 'yan mata, tare da St. Thomas ta maza, sun yi suna har iyaye Musulmi suka riƙa kai 'ya'yansu. Bafagge da bai taɓa leƙa coci ba ya san ƙofar makaranta, ko da yake da yawa sun yi ɗari-ɗari, don tsoron kada boko ya tafi da addinin yaro.

4.0 Rikici da Sauyi

Zaman bai rasa tsami ba. A watan Mayu na 1953 an gwabza tsakanin Fagge da Sabon Gari kan siyasar neman mulkin kai. Kashe-kashen 1966 kuwa sun kori Ibo, waɗanda su ne mafi yawan masu ibada, coci da ajujuwa suka yi fayau har bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970. A shekarun da suka biyo, gwamnatocin jihohi da dama suka karɓe makarantun mishan, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 kuma ya rage dogaro da su.

Wannan ya sa cocin ya waiwayi ƙasar da yake zaune a kai. Babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 ya riga ya halatta ibada da harsunan gida, sai Hausa ta sami gurbi, aka kuma ƙara himma wajen Maguzawan karkara. A 1991 aka cire Kano daga ƙarƙashin Kaduna, a 1999 ta zama dayosis mai hedkwata a cocin Our Lady of Fatima, Patrick Sheehan ne bishop na farko. A 2008 John Namaza Niyiring, ɗan Arewa, ya gaje shi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Turawa sun raba mazauni, kasuwa da aji kuma suka haɗa mutane. Tarihin ilmin boko a Kano ba zai cika ba sai an sa waɗannan makarantu a cikin lissafi.